Matuƙin da Ke Jiran Jirginsa

Daga teburina a sashen sayen kayan soja nake kallon wani mutum da ban sani ba. Kakinsa a goge yake, da alamar matuƙan jirgi a ƙirji, amma furfura ta fara cin gefen kansa. Yana tsaye gaban akwatin gilashin da muke ajiye ɗan samfurin jirgin yaƙi, kyautar kamfanin waje da aka biya kuɗin jiragen gaske tun shekarun baya.

"Yallaɓai, more kallo," in ji mai shara, tana dariya. "Shi kaɗai ne ya iso."

"Iya, irinsa aka tura ni na koyo tuƙawa," ya ce a hankali. "Wa zan tambaya?"

Ta nuna ni. Na sunkuyar da kai, don duk wanda ya sa hannu a cinikin ya bar nan da ƙarin girma.

Da alama tsoronsa shi ne kada likita ya hana shi tashi saboda raunin ido kafin jiragen su zo. Ya waiga hagu da dama, ya zaro tabarau, ya karanta rubutun da ke ƙasan samfurin, ya yi maza ya mayar da shi aljihu.