Jan tulun Umma

A gidanmu na unguwar Tandabawi a Makka akwai wani tulun tangaran da Umma ke ajiyewa a saman kabad. Ja ne wur, babu zane babu fure, sai bakinsa da ya yi fari kamar an goge launin da yatsa. Jan yana ƙara duhu in ya gangaro ƙasa, har ya koma kamar cikin rumman. Wani alhajin ƙasar Sin da ya sauka a gidan kakanmu ne ya bar shi tukuici. Ya ce da tagulla ake haɗa launin, kuma ba kowane tulu wuta ke yarda ta ba shi wannan jan ba.

Ni ce babba, amma ban taɓa taɓa shi ba. Daga ƙasa nake kallonsa in ina shara.

Da Umma ta kwanta ciwonta na ƙarshe, sai ta ce a ba ƙanwata tulun. Ni ta ba ni Alƙur'aninta. Na san nawa ya fi daraja, na kuma gode wa Allah. Amma zuciya ba ta da ƙashi. Na sha yin istigfari a kan sallaya, jan nan yana yi mini gizo.

Bayan an share makokin Umma da kwanaki na je gaishe da ƙanwata a gidanta na unguwar Zahir. Ga tulun a majalisa, ɗakin baƙi, ta ajiye shi inda hasken taga ke faɗa masa. Ta zuba mini gahawa, na riƙe finjalin har ya huce.

"Yaya, ki ce Masha Allah mana," ta ce tana dariya. "Wannan kallon naki zai tsaga shi."

"Masha Allah, tabarakallah. Ya yi kyau a nan."

"Mugaddam. Naki ne."

A Makka in ka yaba abu, haka mai shi zai ce, wato ga shi an ba ka. Kai kuma ka ce Allah ya bar wa mai shi, magana ta ƙare. Kowa ya san wannan, har yara.

Na ji bakina ya ce, "To, na gode."

Dariyar ta tsaya mata a fuska.

"Da gaske, Yaya?"

"Ba ke kika ce ba?"

"Na ce, wallahi na ce." Ta dubi tulun. "Ke dai tun muna yara ba a yi miki tayin abinci."

Ta tashi ta ɗauko wani tsohon mayafi. Ta sa hannu ɗaya a gindin tulun, ɗaya ta tallafe kafaɗarsa, ta sauke shi a hankali kamar jariri. Idonta ya kawo ruwa, amma ta naɗe shi tsaf.

"Kada ki kama wuyan, an taɓa liƙe shi daga ciki. Kuma ban da sabulu, auduga kawai. Haka Umma ke sa ni in yi duk Juma'a, in kin tafi masallaci ɗaukar karatu."

Ban san wuyan ya taɓa karyewa ba. Ban san ana sauke shi ba ma.

Maigidana ya zo ya ɗauke ni. Har muka isa gida a Ka'akiyya tulun yana kan cinyata, na rungume shi yadda ta nuna mini. Ya tambaye ni me ya sa na yi shiru, ga shi na samu abin da nake so.

Na ce masa, "Duk Juma'a fa, ita da Umma."