Jan Bulon da Na Hana a Jera

Shekarar da aka yi daɓen masu tafiya a ƙasa a gefen titin da ya bi ta gaban jami'a a Samaru, ni ne shugaban leburori. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina da baki, ɗan kwangilar kuma yana son mai baki. Kafin a jera intalok, wato ƙananan bulon daɓe, sai da muka haƙa dogon rami aka binne kebur ɗin wuta a ciki.

A cikinmu akwai wani dattijo mai aikin wuta, Ibo ne haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Baba muke ce masa. Shi ya koya mana yadda ake binne kebur: a shimfiɗa yashi, a kwantar da kebur ɗin, a ƙara yashi, sannan a jera jan bulo a kai tun daga farko har ƙarshe, kafin a mayar da ƙasa. Bulon ba ya riƙe komai. Amfaninsa ɗaya ne: duk wanda ya zo haƙa wata rana, digarsa za ta fara dukan bulo, ya gane akwai wuta a ƙasa, ya dakata.

Wata Alhamis bulo ya ƙare mana, saura kamar taku talatin, daga wani shagon fotokwafi zuwa gindin wata darbejiya. Motar bulo sai Asabar. Ga hadari ya haɗo, ni kuma na riga na cika wa injiniyan aikin baki cewa a ranar zan rufe ramin. Sai na ce a mayar da ƙasa.

Baba ya ce, "Malam, a kan me? Ina bulon?"

Na ce, "Haba Baba, wa zai gani?"

"Ai don wanda ba zai gani ba ake sa shi."

"Kai dai tsufa ya sa maka tsoro. Ko kebur ɗin zai tashi ya bi ka har Sabon Gari ne?"

Leburori suka kwashe da dariya, na kuwa ji daɗin dariyar. Wannan ma yana cikin abin da nake roƙon Allah ya yafe mini. Baba ya tattara kayan aikinsa, ya ce shi babu hannunsa. Bai kai ƙarata ba. Muka rufe ramin, muka jera intalok, injiniya ya yaba mini.

Shekaru suka wuce. Na bar aikin haƙa, na buɗe shagon siminti, har aka fara ce mini Alhaji. Kullum ina bin titin nan, ina ganin ɗalibai suna tafe a kan daɓen da littattafansu, kuma kusan na manta.

Wani rani da safe, zan tafi PZ, unguwar manyan shaguna, sarin kaya a kan babur, sai na ga an ɗaga intalok ana haƙa don a sa bututun ruwa. Masu haƙan manoma ne daga ƙauyen Bomo, irin waɗanda ke fitowa leburanci kafin damina. Sun kusa shagon fotokwafin. Na rage gudu, na duba, na wuce. Gaskiyar ke nan, wucewa na yi. Na ce wa kaina wataƙila suna da zanen wurin, wataƙila an daɗe da kashe layin wutar. Ainihin abin da ya hana ni tsayawa shi ne kunya, don a unguwar ana ganin mutuncina.

A PZ na kasa ciniki. Mai kaya yana magana, ni diga kawai nake gani tana sauka. Na bar shi tsaye na juyo.

Na tarar sun shigo wurin da babu bulo. Wani dogon mutum mai furfura a gemu ya ɗaga diga. Na yi ihu, "Bawan Allah, dakata! Akwai wuta a ƙasan nan!"

Shugabansu ya taso. "Alhaji, lafiya? Can baya mun ga jan bulo, mun kauce. Nan babu, ka ga layin ya karkata ke nan."

"Bai karkata ba. Bulon ne babu. Ni na hana a sa."

Ɗalibai biyu-uku suka tsaya kallo. Na cire babbar rigata, na shiga ramin, na karɓi shebur ina karce ƙasa a hankali. Da yashi ya bayyana, sai na koma da hannu. Ga kebur ɗin nan baƙi ƙirin, bai kai tafin hannu biyu ba daga inda bakin digar ya tsaya.

Dogon mutumin ya zauna a bakin ramin, ya daɗe yana kallonsa. Can ya ɗago.

"Alhaji, ba kai ne ka wuce da safe kana kallonmu ba?"

Na ce, "Ni ne."

"'Ya'yana bakwai," in ji shi. Bai ɗaga murya ba. "To me ya hana ka tsayawa?"

Na buɗe baki, ni da aka sani da magana, ban sami abin faɗi ba. Har yau ban samu ba.