Mati Mai Yasar Rijiya da Injinan da Ba Sa Gajiya

Rana ba ta iske Mati a gida. Da an sallame asuba zai saɓa igiya ya nufi ƙauyen da aka aiko, daga ƙasar Sandamu har Dutsi. Kafin ya sauka sai ya zura fitila; in ta mutu a ƙasa, ranar babu shiga. Shekara arba'in da ɗaya yana yasar rijiyoyin mutane. Bana gwiwa ta ce ya isa.

Na tsufa ina koyarwa, kuma ba na gaskata magana don kawai mai ita ya zo a mota. Shekara uku ke nan aka tara mu a ƙauyensu Mati. Wani matashi mai takardu ya ce sauyin yanayi ne ke ƙafar da rijiyoyi, mafita kuwa injinan sola na noman rani: ba hayaƙi, ba sayen mai. Muka tafa, har da ni. Mati bai tafa ba.

"Ranka ya daɗe, injin mai in man ya ƙare yakan huta, ƙasa ma ta huta. Wannan fa, wa zai kashe masa rana?"

"Baba, ai kimiyya ce."

"To ita kimiyyar ta taɓa sauka gaba ashirin?"

Aka bushe da dariya, yawanci a kansa.

Bai ce damina ba ta canza ba, ni ma ban ce ba. Bayan an kakkafa injinan, cewa ya yi, cikin shekara talatin ruwan rijiyar gari gaba biyu ya ja, amma daga zuwan injinan ya ja huɗu. Duk wannan sama za a ɗora wa?

Bara da bazara gugan Barakatu, wata mai kiwon awaki, ya fito da taɓo zalla daga rijiyar gari. Mati ya sauka da furfurarsa. Da aka jawo shi, Barakatu ta matso.

"Baba Mati, me ka gani?"

"Dutse, 'yar nan. Ƙarshenta na taka."

Tun ranar ya bi gona-gona yana roƙon a riƙa kashe injin daga azahar. Wasu suka ce tsufa ne. Mutum tara suka yarda, rijiya ta lallaɓa har ruwan fari.

Mati, kai ne ka faɗi abin da ka taɓa da hannunka, ranar da mu masu boko muke tafi. Na ƙasa, mai ganin abin da na sama ba su gani! Mun gode, Allah ya saka maka da alheri.

Ku kuma da kuka rage, ku yi irin tasa: ku leƙa, ku auna, ku tambaya, ko da za a yi muku dariya. Kuma ku hanzarta. Bazara ta ƙarato, taran nan sun koma biyar, Barakatu kuwa ta fara cigiyar mai sayen awakinta.