Taken Waɗanda Ba Su Nan

Mun tashi da asuba daga Magarya, ni da yayana da jaki ɗaya mai ɗauke da gangunanmu. An kwana ana ruwa, yashi ya kwanta, hazo ya rufe gonaki har gawo ya zama kamar yana tafiya tare da mu. Sana'armu kiɗan noma. Kowace damina mukan zaga gabas inda ake gayya, kowane manomi da takensa, in an buga masa sai ya yi kirari ya duƙa kan kunya.

Bana kuwa yayana ya zo da wata sabuwa. Tun da Nasara suka matsa da harajin lanho da aikin gwadabe na dole, samari ke ta tserewa ƙasar Ingilishi, can ƙetaren iyaka, har da ɗan yayana na fari, wanda rabonmu da labarinsa an yi damina uku. Sai ya tattara taken waɗanda suka tafi, waɗanda shi ya ƙaga musu da hannunsa gari gari, ya ɗinke su kiɗa ɗaya mai sanyi. Al'ada kuwa ba a buga taken wanda ba ya wurin. Hannunsa ya fara rawa don tsufa, ya ce ba zai ajiye ganga ba sai an saurari kiɗan nan ko sau ɗaya. Na ce, “Yaya, mu fa daga bakin garma muke ci. In aka daina kiranmu, hazo za mu tuƙa?” Bai ko dube ni ba.

Hanyar Waca dabino ne da rake da tabkuna, duwatsu na leƙowa daga nesa. Wata Bafillatana ta sayar mana da nono, ta rantse ba ta sa ruwa ba, ni kuwa sai da na ga fuskata a cikin ƙwaryar. A gayyar Waca yayana ya gwada sabon kiɗansa. Ana cewa in kiɗa ya sauya rawa ta sauya, to a can kiɗa ya sauya, manoma suka miƙe suka riƙe ƙugu. Wani ya ce, “Baba, ta'aziyya muka zo ko noma?” Aka yi dariya. Dole ya koma tsohon hannu, ni kuwa kunya ta hana ni shan furar da aka dama mana, abin da bai taɓa faruwa da ni ba.

A Guci labari ya riga mu isa. Mai gona ya tare mu da kwaɗon rama da dabino, ya ce cikin ladabi an riga an kira wasu makaɗa. Muka zauna bakin tabki da la'asar, belbelu na sauka kan shanu, gajimare na yawo cikin ruwa. Yayana yana buga abinsa da yatsu a kan gwiwa, idonsa rufe. Wallahi haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa.

Daga nan muka yi kudu, gero ya kai gwiwa, har wani ƙauye kusa da Mallawa, inda in ka hau tudu kana hangen itatuwan ƙasar Ingilishi. Mai gayyar dattijo ne mai faɗa. Ya ce, “Sarkin kiɗa, na ji abin da ka yi a Waca. Gonata nake so a gama kafin azahar.” Yayana ya ce to.

Ya kuwa cika alkawari. Ya bi manoma ɗaya ɗaya da takensu, ganga na amsawa har cikin ƙirji, ƙasa na tashi, mata na guɗa. Ban taɓa jin ya yi kiɗa kamar na ranar ba. Saura kunya kaɗan a gama, mutane sun jiƙe da gumi zuciyarsu ta yi daɗi, sai na ji hannunsa ya sassauta, ya shiga sabon kiɗan nan nasa. Na ce a raina, shi ke nan, mun rasa nan ma.

Garemani suka tsaya. Mai gayya ya taso zai yi magana, sai wata tsohuwa mai ɗauke da ƙwaryar fura ta ajiye ta a ƙasa ta ce, “Wayyo, taken ɗana!” Ƙanen yaron ya fito, ya yi kirarin yayansa, ya kama kunya ɗaya ya nome. Take na biyu ya shigo, wani ya fito don aminin da suka yi kaciya tare. Na uku na ɗan mai gayyar ne, wanda shi ma ya tsere. Tsohon ya tuɓe riga ya karɓi garma. Iska ta tsaya, ni dai gani nake kamar gonar ta cika da mutane fiye da waɗanda muka tarar.

Sannan ya shiga take na ƙarshe, na ɗansa. Babu wanda ya san shi a garin. Kunya ɗaya ta rage, mutane na duban juna, yayana na ta maimaitawa. Na sauke gangata na ari garma. Ni da rabona da noma tun ina saurayi, kunyar ta fito a karkace kamar hanyar maciji, amma na kai ta ƙarshe.

Mun biyo ta Dungas muka dawo gida, jaki na nishi da geron da aka ba mu. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, jama'a ba su ƙin sabon kiɗa, sai dai ka fara ba su nasu, kuma ka kai shi inda ake da miki irin naka. Wacawa har yau ba su kira mu ba.

Matar yayana ta tare mu a bakin zaure, ba ta tambayi gero ba. Ta ce, “Malam, an buga wa yaron?” Yayana ya gyaɗa kai ya wuce ya rataye gangarsa. Ta juyo gare ni ta ce, “To wa ya kama masa kunya?” Na buɗe mata tafukan hannuna, duk sun yi bororo sun fashe. Ta riƙe su ta daɗe tana kallo.