Ba a Mayar wa Mama Celestina Kwano Babu Komai

Farantan silba a jakar bakko. Cokula ɗaure a tsumma. Kofuna. Safar hannu, sandunan tsintar shara. Man zafi na gwiwa. Soyayyar gyaɗa a kwalba.

Abin da muka ɗauko ke nan daga Manchester, ni da Mama Celestina Kambai, a motar Birmingham. Tafiyar tata ce, ni 'yar rakiya. A Manchester na yi karatu, na koma Kaduna, na dawo ziyara na tarar ta ajiye aiki, hukumar gari kuma ta rufe zauren unguwar Hulme inda take ajiye kayan nan. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, kullum ana rufe wani wuri. Gidanta ɗaki ɗaya ne a saman bene, gwiwa ta ƙi. In babu wanda ya karɓi kwanukan, aikin ya mutu.

Aikinta na albashi shara da goge-goge ne a wani asibiti a Oxford Road. Ta fita da asuba, ta dawo da azahar. Ranar Asabar kuma sai bakin kogin Medlock, inda wata ƙaramar ƙungiyar sa-kai ke tsamo robobi. 'Yan uni, wato ɗaliban jami'a, su baje su a tamfol, su rarrabe, don a san me ke gangarawa teku, kuma daga ina. Ta ce ta shiga ne don ta gaji da kallon bango.

Wata Asabar wata ɗaliba ta ɗago farantin roba, ta tambayi ko wane irin ja ne wannan da ruwa ya kasa wankewa. Mama ta duba. Manja ne.

"Namu ne," in ji ta. Ta ce saura kaɗan ta faɗi bikin da aka ci shi.

Ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Ta bi shagunan gwanjo ta tara farantan silba, ta sanar a coci cewa mai suna, mai biki, mai zaman makoki, kowa ya zo ya ara kyauta, a daina sayen na roba. Sharaɗinta ɗaya, wanda kowa ya taso da shi a gida: ba a mayar da kwano babu komai. Aka fara kawo mata cincin da sabulu. Ta ce ba ta so. Abin da ake sawa a kwanonta Asabar ɗaya ce a bakin kogi.

Alfred, direban bas, shi ya ba ni nasa labarin. Ya ari faranta don bikin 'yarsa, ya mayar da su da turmin atamfa, yana ganin ya tsira. Ta karɓi faranta, ta tura masa atamfarsa, ta miƙa masa safar hannu. Ya tafi bakin kogi yana gunaguni cewa a Kafanchan ba a taɓa ganinsa da shara ba. Ya dawo janye da keken tura kaya na kanti da ya ciro daga ruwa, yana taƙama kamar wanda ya kamo giwan ruwa. Har yau yana zuwa. Ya ce zai riƙe Asabar, amma ɗakin haya yake, babu wurin kwano. In kuwa babu kwano, babu sababbin hannuwa.

Mama, ke ce kika mai da tsintar shara aikin gayya. Tekun da kike karewa sau ɗaya kika gan shi, a tafiyar coci, kuma sanyi ya hana ki fita daga mota. Ba ki da hoto a jarida. Kina da masu bikin da suka daina cika kwandon shara da roba, da dattawan da yanzu ba sa iya wuce gorar ruwa a ƙasa. Uwar gayya, mun gode. Mai karatu, kwatar da ke bayan gidanka ita ma wani wuri take zuwa. Ka nemi safar hannu.

A unguwar Balsall Heath ta Birmingham muka sauka gidan Hajiya Abiba Sumani, mutuniyar Kumasi, wadda ta sha aron kwanukan don sunan jikoki, kuma tana da ɗakin ajiya a ƙarƙashin bene. Aka gaisa, aka sha shayi. Hajiya ta ce kwanuka kam ta karɓa, har Manchester za ta riƙa aikawa da su a mota. Amma sharaɗin ya yi nauyi: ina za ta iya tura Alhazai cikin laka a kogin garinsu, Rea?

Mama ba ta yi musu ba. Ta sunkuya ta fara ɗaure bakin jaka.

"Mma Cele, wai fushi ne?"

"A'a, Hajiya. Tunawa na yi, kwanon sunan jikanki ma har yau babu komai a ciki."

Hajiya ta ce ai ta aika da ƙosai. Mama ta ce 'yan uni sun ci, sun yaba, amma kogi bai ga kowa ba. Maigidan, Alhaji Iddrisu, da ke zaune yana kallon labarai, ya ƙara sautin talabijin. Hajiya ta dube shi, ta dubi Mama, ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ita da kanta ta ja jakunkunan zuwa ƙarƙashin bene. Ta zaro safar hannu mafi girma, ta ajiye a cinyar Alhaji, ta koma ta tura ƙofar ɗakin ajiyar ta rufe.

"Asabar mai zuwa, kogin Rea, da Alhaji za a fara," in ji ta. "Wanda ya ƙi zuwa, ranar bikinsa ya ci shinkafa a tafin hannu."