Kogon da Na Yaga Zanensa

Mun tashi daga Funtua da asuba, ni da wani tsohon ɗalibina wanda yanzu yake koyar da tarihi. Niyyarmu ita ce mu auna wani kogo a jikin dutse, can bayan Kafur, inda kakannin kakanni suka taɓa zama, mu zana shi domin masu adana kayan tarihi su sami hujjar kare shi.

Bara ma mun je. Na ga rumbuna uku na yumɓu a cikin kogon, da dutsen niƙa, da katangar duwatsu da aka jera ba laka. Na zana su duka, amma da na dawo gida sai na tarar igiyar awon da muka ara ta saki, kowane awo ya kauce da kusan inci biyu. A makarantar mishan an koya mana cewa aikin da bai yi daidai ba, ba a ajiye shi. Na yaga zanen. Hoton waya ma na hana ɗalibina ɗauka, na ce wannan aikin malalata ne.

A wannan karon, a Malumfashi muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har sai da na sa tabarau. Mai suyar ta ce in kai ƙarar wake. Daga Kafur muka hau babura, muka ratsa gonakin masara da aka girbe, ina rungume da sabon tef ɗin awo na ƙarfe.

Warin ƙonanniyar taya ne ya fara tarbar mu. Masu fasa dutse suna hura wuta a kan dutsen har ya tsage, sannan su bi shi da guduma. Bakin kogon ya zama tarin tsakuwa.

Babbansu ya taso yana share gumi. "Sannu da zuwa, Baba. Tifa nawa za a loda?"

Na ce, "Ina rumbunan?"

"Waɗannan tulunan aljanu? Ai tun kafin damina suka rufta. Da wani ya nuna mana takarda, wallahi da mun koma wancan gefen. Dutse ne ya ƙare?"

Duk da haka na warware tef, na auna filin da ya rage. Awon ya fita daidai, babu kuskuren ko rabin inci.

A mota, da muka hango Funtua, ɗalibina ya juyo gare ni. "Malam, da ko yagaggun kuka bar mini."

Na iso gida bayan la'asar. Abin da tafiyar ta koya mini ya zo a makare: zanen da ya kauce da inci biyu zai iya tsayar da guduma. Wanda ke hannuna yanzu ba shi da aibi, kuma babu komai a cikinsa.