Ranar da Baba Ya Hana Gwaggo Shiga Teku

Wata Juma'a a bazarar 2014, ina 'yar shekara tara, muka sauka daga akori-kura a bakin tekun Shu'aiba da bokitai da tabarmi da kular shinkafa. Gwaggo Asabe, yayar Baba, tuni ta tattare zani zuwa gwiwa tana mana tsiya, wai mu haifaffun Makka ko ruwan alwala tsoro yake ba mu. Sai muka tarar da shingen waya iya ganin ido, ga allo da jan rubutu, ga mai gadi a ƙofa cikin shuɗin kaki. Mai gadin nan Babana ne.

Da humra da turaren wuta Gwaggo take ci da kanta a unguwarmu Misfala, kuma sirrin humrarta farce ne, wato ɗan murfin nan da ke bakin dodon koɗin teku. Ita da ƙawayenta sukan taka duwatsun murjani inda ruwa bai wuce gwiwa ba, su tsinto su cike bokitai. A gida aikina ne ɓamɓare farcen, in jiƙa, in kankare, ita kuma ta soya ta daka. Kai, ƙarnin nan sai ya kwana biyu a hannu! Ladana dai ƙoƙunan da suka rage, da su muke carafke a matakalar bene har a kira magariba.

Wani kamfani ne ya killace wurin yana dasa murjani a jikin ƙarafuna a ƙarƙashin ruwa, don wanda ke nan ya fara mutuwa. Kamfanin ne ya zama kafil ɗin Baba, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, ya yi mana igama, takardar izinin zama, da ita na shiga makaranta. An ce sun yi taro da masunta masu jiragen ruwa kafin su kafa shingen. Matan farce kuwa ba wanda ya san da zamansu, kuma mace marar takarda ina ita ina zuwa taron hukuma? Baba ya gaya wa Gwaggo tun a gida, ta yi dariya. A ganinta ma abin ya zo da sauƙi, tunda ƙanenta ne a bakin ƙofa.

"Sani, buɗe mana, rana tana yi," in ji ta. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, mamnu'u ne, an hana. Wallahi kika sa ƙafa, igamar yaran nan ta tafi." Ta dube shi sama da ƙasa. "Ni da na yi maka tsarki kana jinjiri, yau ni kake nuna wa allo?" Bai buɗe ba. Muka koma Makka da shinkafarmu ko buɗe ta ba a yi ba, ina kuka ban ma san wa nake ba gaskiya ba. Shi ya ce ƙafafu ke murƙushe dashen, ita ta ce tun tana budurwa suke takawa teku bai ƙare ba.

Daga ranar ta daina amsa gaisuwarsa, kwanon da Umma ta aika ma a rufe yake dawowa. Farcen kasuwa ya fi ƙarfinta, sai ta koma tallar gyale a bakin titi a unguwar Kudai. A nan jawazat, jami'an shige da fice, suka kama ta, aka mayar da ita Kano, garin da ta bari tun ba a haife ni ba. Ba a jima ba wata bazara ruwan ya yi zafi, murjanin ciki da na wajen shinge duk suka yi fari fat suka mutu, kamfanin ya kwashe kayansa. Baba ya yi ta kiran Kano, ita kuma da ta ji muryarsa sai ta ce a ba ta yaran. Haka har ta rasu.

Yanzu ina jin ana ta sabbin dashe, ana cewa an tuntuɓi jama'a. Ina murna, don ina son tekun nan ya rayu, sai dai nakan tuna waɗanda ba sa iya zuwa taro. Baba ya tsufa, gadi ma ya gagare shi. Kwanan baya ina zuba masa shayi ya ce, "Da ke ce a ƙofar nan, da kin buɗe mata?" Ni da na girma na yi karatun da igamar ta ba ni, sai kawai na cika masa kofin na miƙa masa.